Sojan Haya a Filin Ƙwallon Makaranta

Duk lokacin da gasar ƙwallon ƙafa ta makarantu ta ƙarato, akwai wata ɗabi'a da kowa ya sani amma ba a son faɗinta a fili. Sai a ɗauko wani ƙato daga kulob ɗin unguwa, a aske masa gemu, a ɗinka masa yunifom, a rubuta sunansa a rajista wai ɗan aji huɗu ne. In an tashi wasa a damƙa masa 'yan kuɗi a bayan aji, ba a sake ganinsa sai baɗi. Wannan shi ake kira sojan haya. Ra'ayina shi ne, kofin da aka ci ta wannan hanya bai cancanci zama a ofishin shugaban makaranta ba.

Mu mutanen Funtuwa da Malumfashi mun san noma. Manomin da ya je kasuwar Ɗandume ya sayo masara ya cika rumbu, ya ce amfanin gonarsa ne, kansa ya yaudara, domin gonar tana nan yadda take. Haka makarantar da ta yi hayar 'yan wasa. Ɗalibinta na gaskiya, wanda ya sha rana yana atisaye tun farkon zango, shi ake bari a benci. Darasin da yaron ya koya a ranar ya fi na cikin aji shiga zuciya: wato malamai ma suna ƙarya in ta kama.

Kada mu ɗauka ƙaramin abu ne, gama ƙasarmu ta ɗanɗana kuɗarsa. A 1985 Nijeriya ta ci kofin duniya na farko na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin, kowa ya yi murna. Amma a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da mu shekara biyu daga gasar matasa, saboda ranakun haihuwar 'yan wasa uku da aka kai wasannin Olamfik na 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a da. Har gasar matasa ta duniya ta 1991 da za mu karɓi baƙuncinta aka ƙwace. Daga 2009 aka soma amfani da na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru. A 2016 yara 26 suka faɗi wannan gwaji ana dab da wasa, maƙwabciyarmu Nijar kuwa ta fitar da mu. Lalle ramin ƙarya ƙurarre ne. Irin wannan hali kuwa a filin makaranta ake shuka shi.

Wani zai ce, to yaron da ke zubar da gumi don sunan makaranta, ba shi da hakki ke nan? Yana da shi ƙwarai. A Amurka an daɗe ana wannan muhawara. A da an hana biyan ɗalibai 'yan wasa, sai masu kuɗi suka riƙa biya a ɓoye, har a 1987 aka hana wata jami'a a jihar Texas buga wasa shekara guda cur. A 2021 aka yarda ɗalibi ya sami kuɗin talla da sunansa, a 2025 kuma aka yarda jami'o'i su biya su kai tsaye. Mu ba mu da irin dukiyarsu, amma akwai abin lura: kyautar da aka yi a ɓoye ita ke haifar da ha'inci.

Saboda haka ga shawarata. Kada a sa wa kowa rigar makaranta sai wanda ya yi aƙalla zango guda yana shiga aji, yana rubuta jarrabawa. A duba takardar haihuwarsa da ta gama firamare, a manna hotonsa. Wanda ya yi fice kuma a saka masa a gaban kowa ranar ba da kyaututtuka: a rage masa kuɗin makaranta, a saya masa littattafai da takalmin wasa, in ya ji rauni a biya kuɗin magani. Tsofaffin ɗalibai da 'yan ikilisiya masu niyyar taimako su bi ta hannun hukumar makaranta, a rubuta.

Ya ku ɗalibai, ku tuna Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti game da bin ka'idar wasa kafin a sa ran lada. Gara a ci mu uku da nema da 'ya'yanmu, mu dawo mu ƙara himma, da mu ɗaga kofin da muke jin tsoron a bincika. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon riƙe gaskiya, a aji da filin wasa. Amin.