Mu Koyi Wasa Wuƙarmu A Gida

Ƴan uwa manoma da masu lambu, yau za mu yi magana a kan wani ɗan abu da ke cikin aljihun magidanta da yawa a ƙasar Adar, wato wuƙa mai naɗewa. Da ita muke yanka igiya, mu gyara ƙotar hauya, mu fere mangwaro, mu feƙe fensir. Amma kaɗan ne cikinmu suka iya wasa ta yadda ya kamata.

Wata rana muna rangadin duba azuzuwan yaƙi da jahilci a karkarar Bambeye, sai muka tarar da wani dattijo ya naɗe yatsu biyu da tsumma, ya kasa riƙe alli. Muka ce, "Baba, me ya sami hannun?" Ya ce, "Malam, wuƙata ce ta ci amanata." Ashe yana huda robar guga ne don ya zura igiya. Wuƙar ta dakushe, ta ƙi shiga. Da ya danna da ƙarfi, sai ta rufe a kan yatsunsa. Ya barbaɗa toka, ciwon ya kumbura, daga baya dole ya je asibiti. Ya yi makonni ba rubutu, ba ban ruwa a lambu.

Wannan ne ya sa muke cewa kowane mai wuƙa ya koyi wasa ta a gida.

Wasu za su ce ai wuƙa mai kaifi ita ce abin tsoro. Gaskiya ne tana yanka, kuma wajibi ne a nisanta ta daga yara. Amma mu lura, mai kaifi tana bin inda aka nuna mata ba tare da an matsa ba. Wadda ta dakushe kuwa sai an sa ƙarfi, kuma idan ta zame, duk ƙarfin nan a jikin mai ita yake ƙarewa. Wuƙa mai naɗewa ta fi haɗari a nan, domin da yawansu ba su da abin da ke hana su rufewa.

Wasu kuma za su ce wannan aikin maƙera ne. Muna girmama maƙeranmu. Idan bakin wuƙa ya ɓalle ko tsininta ya karye, a kai musu, su ne gwanaye. Amma wasawar yau da kullum ta mai wuƙa ce, kamar yadda wankin riga yake na mai riga, ba na maɗinki ba. Bai dace mu jira ranar Lahadi mu je kasuwar Tawa saboda aikin minti goma ba. Ban da haka, injin wasawa yana cin ƙarfe da yawa. Idan bakin ya yi zafi har ya koma shuɗi, ƙarfen ya yi laushi ke nan, ba zai ƙara riƙe kaifi kamar da ba.

Itatuwanmu ma suna bukatar wuƙa mai kaifi. Tun da aka soma aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, mutanen Adar sun ƙara sanin darajar icce. Yau masu lambu suna aura mangwaro. Ana kuma aura magaryarmu ta gida da iri mai manyan ƴaƴa, kamar Gola, wanda asalinsa daga Indiya ne. Aurin ba ya kamawa sai koren da ke ƙarƙashin ɓawon rassan biyu ya haɗu daram. Wuƙa mai kaifi tana yanka reshe sumul a ja ɗaya. Wadda ta dakushe tana murƙushe shi, aurin ya bushe, wahalar ta tashi a banza.

Ga yadda ake wasawa:

1. A samu dutse mai santsi wanda samansa yake daidai, ba kwari. Jan dutsen kan tudu ya cika kaushi, kuma yana marmashewa. A kasuwa ana sayar da dutsen washi mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi, ɗaya mai laushi. In babu, gindin kofin tangaran, inda ba ya sheƙi, yana gyara ƙaramar wuƙa.

2. A aza dutsen bisa jiƙaƙƙen tsumma don kada ya motsa, a zuba masa ruwa kaɗan.

3. A buɗe wuƙar sosai. A riƙe ta ta yadda babu yatsa ko ɗaya a kan ramin da bakin ke shiga idan ta rufe.

4. A kwantar da bakin a kan dutse, a ɗaga bayanta kaɗan. Don sanin iyakar ɗagawar, a ɗauki takarda, a ninke kusurwarta gida biyu, a sake ninkewa gida biyu. Tsinin da ya fito, kusan digiri 22 ne. A ɗaga bayan wuƙar kamar haka, ko ƙasa da haka kaɗan. Wannan shi ne sirrin aikin. Hannu ya tsaya a haka har a gama.

5. A tura wuƙar gaba a hankali, kamar za a fere saman dutsen, tun daga gindin bakin har tsini. A yi kamar sau goma, a juya ɗaya gefen a yi sau goma. Ba a dannawa da ƙarfi.

6. A shafa babban yatsa a hankali daga bayan wuƙar zuwa bakinta. Kada a bi tsawon bakin, zai yanka. Idan an ji wani ɗan kaushi kamar gashi tun daga gindi har tsini, washi ya kai. Sai a koma fuska mai laushi, a riƙa juyawa gefe da gefe.

7. A ƙarshe a goga ta a kan busasshiyar fata, ana ja da baya, har kaushin ya fita. A gwada da takarda. In ta yanka ba ta yaga ba, aiki ya yi.

8. A wanke ta, a share ta bushe, a ɗiga mai kaɗan a mahaɗarta don kada ta yi tsatsa.

Yanzu ga maganar lafiya. Wasawa ba ta kashe ƙwayar cuta. Saboda haka kada a yanke cibiyar jariri da wuƙar aljihu, kome kaifinta. Haihuwa a asibiti ta fi, in kuwa ta zo a gida, sai sabuwar reza. Kada kuma a yi wa mutum tsaga ko aski da ita, domin sida da ciwon hanta suna bin jini.

Idan tsautsayi ya sa mun yanke, mu wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, mu danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Kada mu sa ƙasa, ko toka, ko kashin dabba. Ƙwayar ciwon nan mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora, wanda likitoci ke kira tetanos, a cikin ƙasa da taki take zama, kuma ta rauni take shiga. Idan yankan ya yi zurfi ko ya yi dauɗa, mu je asibiti a ranar, mu nemi allurar rigakafi.

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su ware yamma ɗaya. Kowane ɗalibi ya zo da wuƙarsa da dutsensa, a karanta wannan shafi tare, a gwada tare. Wanda ya iya ya nuna wa maƙwabcinsa. Ranar farko hannu zai yi rawa, kamar ranar da muka fara rubuta baƙi. Amma sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya kare hannuwanmu, ya sa albarka a gonakinmu da lambunanmu, amin.