Kafin Ka Kai Laftof Ɗinka A Sa Maka Windows Na Sata

Wannan makon maganar ta shafi duk wanda aka saya wa laftof na gwanjo, ko yake tara kuɗin sayen ɗaya saboda JAMB, wadda tun 2015 ake rubuta ta a kwamfuta kaɗai.

Yawancin laftof ɗin da ke isowa Mai'adua da Daura daga kasuwannin Kano tsofaffi ne da aka gama aiki da su a ofisoshin Turai da Amurka. A kansu za ka tarar da Windows 10, wani lokaci ma Windows 7. To, kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da waɗanda suka shiga wani tsari na ƙarin wa'adi. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnawa, amma duk ɓarakar da 'yan kutse suka gano daga baya, babu mai toshe ta. Windows 11 kuwa yana da sharuɗɗa: yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa sosai ba, kuma da yawa daga cikin na'urorin gwanjo ba su cika su ba.

Abin da aka saba shi ne a kai wa mai gyara ya ɗora kwafin da aka fasa makullinsa, ya haɗa da Word da Excel na sata. Ba ka biya kamfani ba, gaskiya ne. Amma ɗan shirin da ake fasa makullin da shi, ba ka san wanda ya rubuta shi ba, ba ka san me ya ɓoye a ciki ba, kuma kafin ya yi aiki sau da yawa sai an kashe maganin bairos. A wannan kwamfutar ce za ka buɗe imel ɗinka, ka shigar da lambar NIN, wataƙila yayanka ya duba asusunsa na banki.

Akwai wata hanya, ita ce buɗaɗɗiyar manhaja. Kowace manhaja rubutu ce da masana suka tsara, umarni bayan umarni. Kamfanoni irin su Microsoft da Apple suna ɓoye nasu rubutun, su sayar maka da izinin amfani kawai. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa rubutunta a fili yake: kowa na iya karantawa, ya gyara, ya kwafa ya bai wa wani, kuma lasisinta ne ya ba da wannan izini. Richard Stallman ya fara wannan fafutuka a Amurka a 1983 da shirin GNU. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, yana ɗan shekara 21, ya rubuta ƙashin bayan tsarin da ake kira Linux. Yau mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet a kansa suke aiki, kuma wayar Android da ke aljihunka ma a kan Linux aka gina ta.

Linux iri-iri ne. Wanda ya fi suna shi ne Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da shi a 2004. Ga wanda ya saba da Windows, ni Linux Mint nake zaɓa masa, domin fuskarsa ta yi kama da abin da ya sani: maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Idan kwamfutar ta tsufa ƙwarai, ram ɗinta bai wuce giga 4 ba, a nemi Mint nau'in Xfce ko Lubuntu, ba su da nauyi. Mint na zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice, wanda ke da Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel, Impress a madadin PowerPoint. Akwai kuma tsarin madannai na Hausa a ciki, wato za ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba tare da ka yi ta kwafo su daga wani wuri ba. Wanda ya taɓa rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi a aikin malamin Hausa ya san amfanin wannan.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sai ka goge komai ba kafin ka gwada. Ana ɗora Linux a kan filash mai giga 8 da wani ɗan shiri kamar Rufus ko Ventoy, a kunna kwamfutar daga filash ɗin. Ka duba ko sauti yana fita, ko Wi-Fi ya kama, ko madannai suna aiki. In ka cire filash, Windows ɗinka na nan yadda ka bar shi. Fayil ɗin ya kusa giga 3, data ce mai yawa ga ɗalibi, amma sau ɗaya ake saukewa. Ajinku guda zai iya haɗa kuɗi a sauke, filash ɗaya ya zagaye kowa, kuma babu dokar da aka karya. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe da mayar da makarantun gwamnatinta kan Linux, jandarmomin Faransa ma da nasu nau'in Ubuntu suke aiki.

Sai dai kada in yi muku tallan da babu aibi. Yawancin manhajojin gwajin JAMB da ake sayarwa don Windows aka yi su, ko don Android. Idan ka riga ka biya kuɗin ɗaya, kada ka goge Windows kafin jarrabawa. Ka bar su biyun a kwamfuta ɗaya, ka riƙa zaɓa lokacin kunnawa. Haka kuma idan malaminku yana koyar da Word da Excel a darasin kwamfuta, sai ka san inda maɓallansu suke, domin da su za a tambaye ka. Aikin da ka rubuta a Writer, ka adana shi a matsayin docx ko PDF kafin ka kai shagon buga takardu, in ba haka ba tsarin shafin na iya hargitsewa. Mai son koyon zanen katin biki da fosta kuma ya sani cewa masu ɗab'i a nan CorelDRAW suka fi riƙewa. Inkscape kyauta ne kuma yana aiki sosai, amma ba kullum yake buɗe fayilolin Corel daidai ba. Kafin ka ɗora komai, kwashe hotuna da takardunka zuwa wani wuri.

Batun waya daban ne, kuma a nan shawarata ita ce a yi hattara. Akwai tsarin Android buɗaɗɗe kamar LineageOS da ake iya maye na kamfani da shi, amma jerin wayoyin da yake karɓa ya fi karkata ga Pixel, Motorola, OnePlus da wasu Xiaomi da Samsung. Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne a hannun yawancinmu, da wuya ka same su a ciki. Wanda ya matsa ya ɗora abin da ba na wayarsa ba zai iya kashe ta gaba ɗaya, kuma wasu manhajojin banki suna ƙin buɗewa a wayar da aka taɓa tsarinta. Wayar Baba ba wurin gwaji ba ce.

Abin da za ka iya yi ba tare da haɗari ba shi ne canza ƙananan manhajoji. VLC yana kunna kusan kowane bidiyo ba tare da talla ba. AnkiDroid kati ne na bita: ka rubuta tambaya a gaba, amsa a baya, shi kuma ya riƙa dawo maka da waɗanda kake mantawa, ya dace da ƙa'idojin Kimiyya da kalmomin Turanci. Kiwix yana ba ka damar sauke Wikipedia, har da ta Hausa, ka karanta babu data, abin da zai amfani ɗalibin ƙauyen da sabis ke ɗaukewa, ko na wajen Kongolam inda layin Nijar kan shigo waya. Duk waɗannan suna cikin Play Store. Akwai kuma F-Droid, rumbun da ba ya ɗaukar komai sai buɗaɗɗun manhajoji, amma daga shafinsa na asali kaɗai za a sauke shi, ba daga wanda aka turo ta WhatsApp ko Xender ba.

Wanda ya gwada filash ɗin a makarantarsu ya rubuto mana sunan kwamfutar da abin da ya yi aiki da abin da ya ƙi, za mu buga a wannan shafi don masu shirin saye.