Kafin Ka Kwafo Daga Intanet, Tambayi Wa Ya Rubuta

Yau kiranmu ga ɗalibai ne, daga jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai har zuwa na Maraɗi, Damagaram da Tawa, musamman masu rubuta memuwar kan adabi.

Da, wanda ke son karanta littattafan Boubou Hama sai ya yi guzuri ya nufi Yamai. Yau da forfe na dala ɗari, a cikin salula, yaro zai buɗe Gallica, taskar babban ɗakin karatun Faransa, ya ga rubuce-rubucen zamanin mulkin mallaka. Zai shiga Persée ya sauke maƙaloli kyauta, ya leƙa Google Scholar, ya duba ƙamus ɗin Bargery na 1934 da aka ɗora a intanet. Wannan alheri ne, ba mu musu. Amma fa rijiya ta ba da ruwa, guga ne ke neman hanawa.

Mu ɗauki misalin Sarauniya Mangu. Tarihi ya tabbatar cewa rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu a 1899. Mamani Abdoulaye ya fitar da littafinsa Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Littafin nan ƙagaggen labari ne, marubucin ya ƙara gishiri yadda sana'arsa ta ba shi dama. To amma shafuka da yawa sun cakuɗa abin da ya ƙaga da abin da ya faru, wannan ya kwafa daga wancan, har ya zamo kamar gaskiya. Ɗalibin da ya kwashe haka ya zuba cikin memuwar, ranar kare aikinsa gaban malamai ido zai raina fata. Abin da ya fi ciwo ma, gobe shi zai koya wa ƙannenmu a lakwal.

Don haka muke cewa, duk shafin da ka buɗe, yi masa tambaya uku: wa ya rubuta, yaushe, kuma ina ya samo? Wikipedia wurin fara tafiya ce kurum. Gangara ƙasan shafin, ka bi littattafan da aka ambata, ka karanta da idonka. Manhajojin nan masu ba da amsa nan take kuwa, a yi hattara, sukan ƙirƙiro sunan littafin da babu shi a duniya.

Sai batun rubutun sunaye. Mu nan muna tsakanin rubutun Faransanci da na Hausa. In ka nemi Sarauniya kaɗai, rabin abin ya wuce ka, sai ka ƙara da Sarraounia. Haka Tanimun da Tanimoune, Damagaram da Zinder. Gwada duka biyun, kuma kar ka raina aikin ƴan'uwanmu na jami'o'in Kano, Zariya da Sakkwato.

Mu kuma sani, mafi yawan adabinmu bai hau intanet ba tukuna. Waƙoƙin makaɗa, tatsuniyoyi, kirari da takardun ajami suna bakin tsofaffi, suna cikin kasakasan gidajen rediyo da taskokin IRSH da CELHTO a Yamai. Wanda bai samu abu a Google ba, kar ya ce babu shi. Ya tashi ya je ya tambaya.

Tunda a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, nauyi ya ƙaru a kanmu. Muna roƙon jami'o'inmu su ɗora memuwar ɗin ɗalibai inda kowa zai gani, malamai su ware lokaci su koyar da dabarun bincike, matasa kuma su shiga gyaran Wikipedia ta Hausa da hujja a hannu. In ba mu rubuta namu ba, wasu za su rubuta mana yadda suka ga dama.

Ku fa, ya kuke gani? Muna jiran ra'ayoyinku. Allah ya ba ɗalibanmu sa'a.