Fenti Ba Ya Riƙe Gini: A Duba Lafiyar Gida Kafin a Biya

Duk wanda ya taɓa leƙa wuraren sayar da motocin hannu a Kano ko Kaduna ya san yadda ake yi. Mai saye ba ya zuwa shi kaɗai, da bakanikensa yake zuwa. A buɗe gaban mota a saurari ƙarar inji, a leƙa ƙarƙashi a ga ko mai yana ɗiga, a ƙwanƙwasa jiki a ji inda aka yi ciko. Mai mota ba ya cewa an ci masa fuska, dillali ma ba ya fushi. Amma mutumin nan da bai yarda ya sayi mota ba sai da idon gwani, ran da zai sayi gidan da ya ninka motar tsada, wanda a cikinsa iyalinsa za su kwana, dillali kaɗai ne ɗan rakiyarsa. Zai zagaya ɗakuna, ya yaba tayil da fenti, ya tambayi ko unguwar tana samun wuta, ya ajiye kafin alƙalami.

Ta fuskar takardu, jama'a sun sha wuya sun yi hankali. Mai saye yakan nemi takardar mallaka, ya tura lauya ya bincika a KANGIS in a Kano ne, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja. In filin awon igiya ne, a je wajen mai unguwa da dagaci. In gidan gado ne, a tabbatar duk magada sun sa hannu. Wannan duka daidai ne. Sai dai takarda mai gida take nunawa, ba ta faɗin ko ginin zai kai baɗi. Safiyo iyaka yake aunawa. Mai ƙiyasta kadara farashi yake faɗa. Babu ɗayansu da aikinsa ya kai shi cikin silin ko gindin bango.

Wannan aikin na injiniyan gini ne mai rajista da COREN, hukumar da aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya a Nijeriya, ko ƙwararren magini mai rajista da CORBON. Zai shiga gidan a madadin mai saye, ya bi shi lungu-lungu, ya rubuta abin da ya gani: wannan gyaran gaggawa ne, wannan zai iya jira, wannan kuwa ba ya gyaruwa sai an rushe.

Kallonsa daban yake da na mai saye. Inda mai saye ya ga tayil an jera a ƙasan bango har zuwa ƙugu ya ce an ƙawata falo, shi tambayarsa ita ce me ya sa aka tsaya a ƙugu. Zai sa bayan makulli ya ƙwanƙwasa. In ya ji ƙarar holoƙo, ya san filasta ta saki. Zai zaga bayan gida ya dubi bangon nan ta waje, inda mai fenti bai damu ya kai ba, ya tarar da farin gari yana zuba daga gindinsa. Kanwa ce: danshi yana hawowa daga ƙasa ɗauke da gishiri saboda ba a shimfiɗa abin da zai tare shi ba lokacin da aka fito da harsashi. Tayil ba ya kashe kanwa. Rufe ta yake yi, ita kuma ta haura sama ta ɓullo a inda tayil ɗin ya ƙare.

Tsaga ma iri-iri ce. Wadda ta yi kamar zare a fuskar filasta ba abin tayar da hankali ba ce. Wadda ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace, ko ta bi layin bulo hawa-hawa, sama a buɗe ƙasa a tsuke, labari take bayarwa cewa wani sashe na harsashi yana nutsewa. Ma'aunin da cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya ta fitar yana ɗaukar tsagar da ba ta wuce milimita 5 ba a matsayin mai sauƙin gyara, wadda ta haura milimita 25 kuwa a matsayin mai tsanani ƙwarai, har takan sa a sake gina sashen. Mai sayarwa zai iya cike tsaga da siminti ya shafe da fenti, amma ƙofar da ta daina rufuwa da tagar da ta karkace ba sa ɓoyuwa.

Daga nan sai ya hau tsani da tocila ya shiga cikin silin. A can ne ake ganin katakon da gara ta mayar gari, da tsatsar kwano, da wayar lantarki da aka haɗa da leda babu bututu. In bene ne, zai dubi ƙarƙashin dakin ya ga ko rodi ya fito yana tsatsa, domin rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankaren da ya lulluɓe shi. Zai kuma nemi zanen ginin da hukuma ta amince da shi, KNUPDA in a Kano ne, ya ga ko hawa ɗaya aka ba da izini aka ɗora biyu. Harsashin da aka yi don gidan ƙasa ba ya ƙara ƙarfi don mai shi ya samu kuɗi.

Zai auna tazarar rijiya da masai. Ƙa'idar da masana tsaftar ruwa suka fi ambata ita ce mita 30. Filin ƙafa 50 a 100 gaba ɗaya tsawonsa ke nan, balle rabin fili da ya cika unguwanni, inda rijiyar wannan gida take jingine da sokawen maƙwabci. Iyalin da taifot ya ƙi barinsu ba lallai su taɓa zargin gidan da suka saya ba.

Ƙasar da gidan yake kai ita ma abin tambaya ce. A Kano an cike kududdufai da dama da shara da ɓaraguzai an yi gini a kansu, kuma irin wannan ƙasa takan ɗauki shekaru tana zama. A sassan Borno da Gombe da Adamawa akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi duk shekara. A Jos akwai tsofaffin ramukan haƙar kuza. A Maiduguri, ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024 ta bar unguwanni cikin ruwa kwana da kwanaki, kamar yadda aka gani a 1994. Gidan da ya jiƙa haka zai iya shan sabon fenti ya fito fes, amma bulo da harsashi ba su manta ba. Shi ya sa gidan da aka gani a watan Maris ba shi ne gidan watan Agusta ba. In ba za a iya jiran damina ba, dattijon da ya shekara talatin a layin ya san inda ruwa yake tsayawa, kuma ba ya karɓar la'ada.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan bincike tsari. A Ingila mai saye ne yake ɗaukar masani, kuma ƙungiyar RICS ta kasa binciken mataki uku, daga taƙaitaccen dubawa zuwa cikakken bincike na tsohon gini ko wanda aka yi wa sauye-sauye. Can ma ana yawan jan kunnen jama'a cewa ƙiyasin da banki yake yi kafin ba da bashi don kare kuɗin banki ne, ba duba lafiyar gida ba ne. Sikotland kuwa ta juya nauyin: tun Disamban 2008, mai sayarwa ne doka ta ɗora wa samar da rahoto kafin ya sa gida a kasuwa, inda ake ba kowane sashe na ginin lamba daga 1 zuwa 3, kuma 3 tana nufin gyaran gaggawa.

A Nijeriya babu wanda zai tilasta wa mai sayarwa yin haka. Ƙa'idar da aka gada daga dokar Ingila ita ce mai saye ya buɗe idonsa. Mai sayarwa zai amsa tambaya kan aibin mallaka, amma lalacewar jikin gini, in dai ba ƙarya ya yi ko ɓoyewa da gangan ba, yawanci a kan mai saye take faɗawa. Tabbatar da ɓoyewar a gaban alƙali kuwa aiki ne na shekaru da kuɗin lauya.

Abin da ya kamata ya fi taɓa Bahaushe shi ne fiƙihun da ake karantawa a zaure bai bar wannan magana ba. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce tarin hatsi a kasuwa, ya cusa hannu ya ji danshi. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai aka tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, aka kuma barranta daga mai algus. Malaman Malikiyya sun kai maganar har kan gidaje. A Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, littattafan da alƙalan kotunan shari'a a Arewa suke komawa gare su, da sharhohinsu, aibin gida hawa uku ne. Ɗan ƙarami da ba ya rage farashi ba a komawa kansa. Matsakaici, irin tsagar bangon da ba a tsoron faɗuwarsa, ana mayar wa mai saye gwargwadon abin da ya rage. Babba kuwa, wanda ake tsoron rushewa saboda shi, yana ba da damar mayar da gida a karɓi kuɗi. Sun kuma wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani dalla-dalla, ba ya dunƙule shi cikin "ga shi nan yadda ka gan shi" ba. Ta ɗaya ɓangaren, wanda ya ga aibi ya yarda ya saya ba shi da bakin magana daga baya.

Saboda haka wanda ya cike tsaga ya shafe ta da fenti ana gobe za a kawo masu saye ba gyara ya yi ba, ha'inci ya yi. Dillalin da ya san ruwa yana shiga gidan har gwiwa ya yi shiru don kada la'ada ta kuɓuce, abokin tarayya ne a ciki.

Mai saye ma yana da nasa laifin, kuma uzurinsa sananne ne. Na farko kunya: gidan na aboki ne, ko na babban mutum, zuwa da injiniya zai zama kamar tuhuma. Amma mai gida na kirki ma sau da yawa bai san abin da ke cikin silin ɗinsa ba, kuma zumuncin da rahoton injiniya zai ɓata bai kai wanda shari'a za ta ɓata ba. Na biyu gaggawa. "Alhaji, wallahi akwai wanda zai kawo kuɗi gobe da safe, don kai ne na riƙe," in ji dillali. "To a rubuta, Allah ya sa albarka," in ji Alhaji. Ba a cinikin biri a sama, kuma gidan da ba zai jure jiran mako guda ba akwai dalili. Na uku tawakkali, wanda ba ya hana riƙo da sababi. Na huɗu kuɗin aikin, alhali ɗan ƙaramin kaso ne in aka gwama shi da farashin gidan, ko da kuɗin sauya rufi, ko tone harsashi. Sau da yawa rahoton shi ne yake ba mai saye hujjar neman ragi.

Samun rahoto kuma ba shi ne ƙarshe ba, sai an yi aiki da shi. A garin Surfside na jihar Fulorida a Amurka, wani injiniya ya rubuta a 2018 cewa ruwa ya yi wa kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninkaya na wani bene mai hawa 12 mummunar illa. Aka yi ta jan ƙafa kan kuɗin gyara, mutane suna zaune a ciki. Ranar 24 ga Yuni, 2021, sashen ginin ya rufta cikin dare, mutum 98 suka rasu. A 2022 jihar ta yi dokar tilasta binciken irin waɗannan benayen zama masu hawa uku zuwa sama da suka kai shekara 30. Mai sayen da injiniya ya ce masa harsashi ya nutse, amma son unguwa ya sa ya ce a shafe a shiga, ya biya kuɗin gaskiya ne ya ajiye ta a aljihu.

Shi ma mai binciken a tantance shi. Kada ya zama wanda dillali ko mai gida ya kawo, kada ya zama birkilan da yake hangen kwangilar gyara. A nemi lambar rajistarsa, a biya shi kai tsaye, a karɓi rahoto a rubuce da sa hannu da hotuna.

Majalisun jihohi suna da ikon wajabta rahoton lafiyar gini kafin a canza sunan mallaka, ko da za a fara da benaye da gidajen haya masu ɗaukar iyalai da yawa. Ƙungiyoyin dillalai za su iya sa wa mambobinsu sharaɗin bayyana aibi a rubuce. Limamai da suke huɗuba kan tauye mudu su haɗa da masu rufe kanwa da tayil. Kafin a kai can, mai shirin sayen gida a bana ya rubuta a cikin yarjejeniya cewa cikon kuɗi sai bayan injiniyansa ya duba ginin. In mai sayarwa ya ƙi, ya karɓi kafin alƙalaminsa ya nemi wani gidan.