To, Ina Jikokin Bayin Suka Shiga?

Ƴan'uwana ɗalibai, ku gwada wannan: ku tsaya bakin ƙofar jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ku tare mutum goma, ku tambayi kowa asalinsa. Na farko jikan sarki ne. Na biyu kakansa babban malami ne da ya yi hijira daga Katsina. Na uku jinin Gobir ne, ƴan Tibiri ma sun san gidansu. Na huɗu kakansa madugu ne mai raƙuma ɗari. Haka har na goma. Ba ɗaya da zai ce kakarsa an kamo ta ne a yaƙi, ko an sayo ta a kasuwa. To, ni tambayata guda ce: ina jikokin bayin suka shiga? Ƙasa ta haɗiye su? Ko bayin duka juya ne, ba su haihu ba?

Mu bar yaudarar kanmu. Maraɗi garin yaƙi ne tun kafuwarsa. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daga nan har zuwan Turawa, hari ake kaiwa kudu, ana kawo hari daga kudu. Har gobe makaɗa na wasa Ɗan Baskore da yaƙe-yaƙensa, mu kuma muna jin daɗi. Amma mi ake kawowa daga yaƙi? Shanu da dawaki kaɗai? Har da mutane. Mata da yara. Wasu aka sayar da su gaba, wasu aka zaunar da su, suka yi noma a fadamar Gulbi, suka ɗebi ruwa, suka yi daka, suka goyi ƴaƴan masu gida, suka haifi nasu. Namu ma an kama an kai Katsina da Kano da Sakkwato. Ba wani ɓangare da hannunsa ke da tsabta.

Harshenmu kansa shaida ne. Muna da bawa, baiwa, kuyanga, ƙwarƙwara, sa-ɗaka. Muna da dimajo da bacucane, wato wanda aka haifa cikin bauta. Muna da rinji, ƙauyen bayin da ke noma wa ubangijinsu. Muna da murgu, kuɗin da bawa ke biyan maigidansa don ya bar shi ya yi sana'ar kansa. Muna da fansa. Jama'a ba ta ƙirƙiro kalmomi masu yawa haka a kan abin da bai dame ta ba. Faransa ta yi dokar hana cinikin mutane a yankunan da take mulki na Afirka ta Yamma a 1905, amma takardar Bature ba ta shiga zauren kowa ta raba shi da kuyangarsa ba. Abin ya koma cikin gida, ya yi shiru. Da ruwan 1945 ya ci tsohon gari aka hau tudu, sababbin unguwanni suka samu, kowa ya gina sabon gida. Ina ganin da yawa sun gina sabon asali tare da shi. Ban ga laifinsu ba. Mutum ya tsira da mutuncinsa ta hanyar da ya samu.

Abin da nake faɗa da shi shi ne a ce mu ma, a yau, dole mu ci gaba da wannan shirun.

A gidanmu nan Sabon Gari akwai wata tsohuwa da ta rasu tun kafin a haifi babana, kakar babana ce. Ba a tuna ta sai da suna guda, Nagode. Tsagar fuskarta ba ta Katsinawa ba ce, ba ta Gobirawa ba. An ce in ta yi fushi tana magana da wani harshe da ba wanda ya gane. Ba a san ubanta ba, ba a san garinsu ba, ba wani kawu da ya taɓa zuwa daga wajenta. Da na matsa wa kakata da tambaya, sai ta ce: "Kai yaro, mi kaka nema? Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta." Na ce: "Kaka, wuƙar ai tana nan sama, ba a binne ta ba." Ta yi shiru, ta daɗe, kana ta ce an kamo ta ne tana ƙarama, ta je ɗibar ruwa. Iyakar abin da ya rage na rayuwar mace guda ke nan: ta je ɗibar ruwa.

Masu cewa a bar tone-tone suna da hujjoji uku, kuma zan amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko sukan ce abin ya wuce. Bai wuce ba. In ya wuce, mi ake nema in an ce za a yi "bincike" kafin ɗaurin aure? Hali kawai? Kowa a cikinmu ya san auren da aka fasa bayan wata tsohuwa ta raɗa magana guda a kunnen uwar yarinya. Kowa ya ji an zagi wani "marar asali" a tsakiyar faɗa. Kuma ba sai mun koma zamanin Ɗan Baskore ba. A 1996 aka sayar da Hadijatu Mani a jihar Tawa, tana da shekara 12, a kan jika 240, aka mayar da ita wahaya. Da ta sami takardar ƴanci ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗauri wai ta yi aure kan aure. Sai ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci cewa ƙasar Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta sa a biya ta miliyan 10. Dokar da ta mayar da bauta babban laifi a ƙasar nan sai 2003 aka yi ta, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyi irin su Timidria, wadda aka kafa a 1991. Yayyenmu sun girmi dokar nan. Wannan shi ne abin da ya wuce?

Na biyu sukan ce tonon zai kunyata mutane. To, kunyar ta wa ce? Yarinya ta je rafi, wani ƙato bisa doki ya sure ta. Jikan ƙaton yau shina alfahari, maroƙa na yi masa kirari ranar biki, yana liƙa masu kuɗi. Jikan yarinyar shina sunkuyar da kai. Wane irin lissafi ne wanga? Ba ina cewa jikan mai doki ya ɗauki zunubin kakansa ba. Amma in shi bai gaji laifin ba, don mi ni zan gaji kunyar? Kuma shirun ba ya kare mu. Gidan da ya mallake ku ya sani, maƙwabta sun sani, ku kaɗai aka hana ku sani. Sai ranar da kuka nemi aure ko sarauta a jefe ku da shi. Labarin da ka faɗa da bakinka ba ya zama makami a hannun wani.

Na uku sukan ce Musulmi duka ɗaya ne, a bar rarrabe. Madalla. Mu ma a makarantar allo muka ji labarin Bilal, bawan da Sayyidina Abubakar ya fansa ya zama ladanin Manzon Allah. Ba wanda ya ɓoye cewa an taɓa mallakarsa, kuma bai rage masa komai ba. Amma wanda ke kuka da labarin Bilal a wurin wa'azi, ya dawo gida ya hana ɗiyarsa jikan baiwa, shi ne mai rarrabe, ba mai tambaya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a lakwal ba a taɓa gaya mana cewa ɗaya daga cikin tsofaffin labaran rayuwa da aka rubuta da Hausar boko na bawa ne ba. Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram, an kama shi an kai shi Barno, Bature Overweg ya ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tumbuktu, ya isa Ingila a 1855. Can ya ba J. F. Schön labarinsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912. Ga Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta aka buga a 1954, ta yi bayanin rinjin gidansu da masu kamun mutane ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ga Hausawan da aka kai Bahiya ta ƙasar Barazil, suka tayar wa masu bautar da su a 1814. A Amurka, tun da littafin Roots na Alex Haley ya fito a 1976, jikokin bayi ke bin takardu suna neman kakanninsu, wasu har su tsallako teku. Su teku ya raba su da asalinsu. Mu tsakaninmu da namu wataƙila tafiyar kwana huɗu ce a ƙasa, amma mun kasa tambaya.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi, kuma ba ya buƙatar kuɗin kowa. A hutun nan, kowa ya zauna da tsohuwar gidansu, a Sabon Gari ne, ko Tibiri, ko Jiratawa. Kada ka fara da kalmar bauta, za ta rufe baki. Tambayi sunaye: uwar kaka, da uwar uwarta. Ka lura inda sarƙar ta tsinke. Tambayi tsaga. Tambayi wane gida ake kai wa gaisuwar Sallah alhali ba dangi ba ne, kuma don mi. Tambayi gonar gida, gado ce ko ba da ita aka yi. In ta yarda, ɗauki muryarta a waya, ka rubuta rana da wuri. Wanda kuma ya tarar kakansa ne mai rinjin, shi ma ya rubuta, don a gidajensu ne sunayen namu suka rage.

Sharaɗi guda ne: kowa ya tona nasa. Ba wanda ke da ikon fallasa asalin wani a fada ko a WhatsApp, wannan shi ne zaluncin da muke yaƙa. Mai labari shi zai zaɓi ranar da zai faɗa, da wanda zai faɗa wa.

Tsofaffin da suka ga bayin nan da idonsu saura kaɗan. Duk wadda aka kai makwanci, ta tafi da sunaye. Nan da shekara goma sai dai mu tambayi makaɗa, su kuwa wanda ya biya suke wasawa.