Lambun Makaranta: Furen Kaki, Ɗan'uwan Tumfafiya da Ya Zo Daga Nesa

A wannan makon za mu fara da ba ku labarin abin kunyar da ya same mu.

Bara, ana tsakiyar bazara, wata ƙanwar mahaifinmu da ke aure a Jos ta aiko mana da reshen wani fure zuwa gidanmu a Limancin Kona, cikin birnin Zariya. Ta ƙulle shi tamau a baƙar leda, aka jefa a bayan mota. Ko da muka karɓo a tasha muka kwance, ganyen ya dahu kamar an turara alayyafo. Ta sake aiko da wani, wannan karon ya iso lafiya. Don murna muka riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Kafin mako uku gindinsa ya yi baƙi, ya ruɓe. Na farko zafi ya kashe shi, na biyu kuwa mu muka kashe shi da hannunmu. Goggo ta ce, "Ya ku 'ya'yan nan, sai ka ce shinkafa kuka dasa!"

Sunan furen Hoya. Muna kiran sa furen kaki saboda ganyensa mai kauri da furanninsa suna sheƙi kamar an shafa musu kakin zuma. Asalinsa ƙasashen Asiya masu zafi ne, irin su Indiya da Sin da Indunusiya da Filifin, har zuwa Ostareliya. Wani masanin tsirrai mai suna Robert Brown ne ya raɗa masa suna a 1810, don girmama Thomas Hoy, wani mai kula da lambu a Ingila.

Kada ku ce baƙo ne sarai. Danginsa ɗaya da tumfafiyar da ke fitowa a kangon bayan ganuwa, da yaɗiyar da ke hawa dangar gona, da kariya mai jan fure. Ku fasa busasshen ɗan tumfafiya, za ku ga iri mai farin gashi da iska ke ɗauka. Haka irin Hoya yake. Da yawa cikinsu kuma suna fitar da farin ruwa kamar madara idan an karya su, don haka a wanke hannu bayan an taɓa, kada ya shiga ido.

To me ya sa ruwa ya kashe namu? A dajinsu, yawancin waɗannan furanni a jikin itatuwa suke rayuwa, saiwarsu na shan iska. Ruwan sama ya jiƙa su, ya tsiyaye, su bushe. Ganyen nan mai kauri rumbun ruwa ne, kakin da ke bayansa kuma murfi. Idan aka tsoma saiwar cikin taɓo kullum, sai ta rasa iska ta ruɓe.

Dasa shi kuwa ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Manomin rake ba ya neman iri, gaɓa mai ido yake binnewa. Haka ake yi wa rogo da dankali, haka ake kafa shingen aduruku. Wannan shi ne abin da malamin noma ke koya muku na hayayyafar tsiro ba tare da iri ba, kuma yana fitowa a jarrabawar WAEC da NECO. Sirrin yana gaɓa, wato wurin da ganye ya tsiro a jikin reshe. Akwai wani nau'in Hoya mai ganye siffar zuciya da ake sayarwa ganye guda a ɗan kasko. Yakan yi saiwa, ya shekara kore shar, amma in ba a haɗo da gaɓa ba, da wuya ya taɓa fitar da reshe. Ku lura kafin ku ba da kuɗinku.

Ga yadda muka yi da na uku. Muka yanki reshe mai gaɓa biyu da reza mai tsabta, muka cire ganyen ƙasa. Muka huhhuda gindin gwangwanin madara, muka cika shi da yashi mai tsakuwa da gutsattsarin gawayi da ɓawon itace, da ƙasa 'yar kaɗan. Muka binne gaɓa ɗaya, muka ajiye shi a bakin zaure inda haske ke shiga amma ranar tsaka ba ta dukan sa. Ba ma ba shi ruwa sai mun tsoma yatsa mun ji ƙasar ta bushe. Da hunturu ya kama, muka kifa masa farar leda mai 'yan huji saboda bushewar iska. Saiwa kan ɗauki makonni kafin ta fito, fure kuwa yakan kai shekara biyu ko fiye. In ya yi fure ya zube, kada a yanke ɗan sandan da ya ɗauke shi, domin a nan zai sake fitar da wani.

Saura batun aikawa. Matsalar da muka gamu da ita a tasha ta daɗe tana damun mutane. A da, yawancin tsirran da ake ɗauka a jirgin ruwa mutuwa suke yi a hanya. A 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya lura tsiro ya fito yana girma a cikin rufaffiyar kwalba, domin danshin da ya tashi yana komawa ƙasa. A 1833 ya aika da tsirrai cikin akwatunan gilashi zuwa Sidni a Ostareliya, suka isa da ransu bayan watanni a teku. Mu ba mu da akwatin gilashi, amma muna da kwali. A naɗe gindin reshen da takarda mai ɗan danshi, a sa leda a gindin kaɗai, a naɗe ganyen da busasshiyar jarida, a huda kwalin, a roƙi direba ya ajiye shi cikin mota kusa da shi. Wanda zai shigo da tsiro daga wata ƙasa kuwa sai ya nemi izinin hukumar NAQS, mai hana shigowar cututtukan shuke-shuke da dabbobi.

Mu 'yan Zariya muna da gata, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Jami'ar Ahmadu Bello a ƙofar gida. Amma ba sai kun kai jami'a za ku fara ba. Aikin wannan makon: kowa ya yanko reshe biyu na duk abin da ya samu, ko zogale ko ganyen dankali. Ɗaya mai gaɓa, ɗaya ganye zalla. Ku dasa, ku rubuta ranar, ku rubuto mana abin da kuka gani bayan wata guda, da sunan makarantarku.

Namu na uku yanzu ya kama igiyar da muka ɗaura masa a bangon zaure, ganyensa bakwai. Bai yi fure ba tukuna, kuma Goggo duk ta bugo waya sai ta tambaya ko mun sake yi masa wanka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.