A Ɗebi Yara a Kai Su Su Ga Teku

Yaron da ya tashi a Kano ko Zariya, iyakar ruwan da ya sani shi ne Dam ɗin Tiga, ko Kogin Kwara da ya hango ta tagar mota a gadar Jebba. Tekun Atilantika kuwa shuɗin fenti ne a gefen taswira. Alhali akwai titin da ya bi gaɓar tekun nan tun daga Legas, ya ratsa Kwatano da Lome da Accra, wadda Hausawan can ke kira Ankara, har ya dire a Abijan, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Magidancin da Allah ya hore wa lafiyayyiyar mota da hutun kwana goma, ya kamata ya bi hanyar nan da iyalinsa ko da sau ɗaya kafin yara su girma su watse.

Ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza, albarkacin yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979. Fasfo, katin rigakafin shawara, takardun mota da inshorar tsallake iyaka, su ne guzurin farko. Daga nan sai kan iyaka uku kafin a shiga Gana: Seme, Hilakonji da Aflao. Gaɓar Togo ba ta kai kilomita 60 ba, don haka ana iya karya kumallo a Benin, a yi azahar a Lome, magariba ta riski mutum a Gana. A yini guda yaro zai ga naira ta koma sefa, sefa ta koma sidi, Faransanci ya shigo ya fita. Wane aji ne zai koya masa wannan?

Abin da zai fi ba shi mamaki shi ne Hausa ba ta rabuwa da shi. A Nima da Sabon Zango na Accra da ita ake ciniki. Da safe ga koko da ƙosai a bakin titi, da rana ga shinkafa da waken da Ganawa ke kira waakye, sunan ma daga Hausa ya samo asali. Kakanni ne suka shuka wannan, fataken da suka riƙa zuwa Gwanja neman goro.

Amma inda ya fi cancanta a daɗe shi ne wuraren da ba su da daɗin gani. A Wida ta ƙasar Benin akwai ƙofar tunawa da aka gina a bakin ruwa a 1995, a inda aka riƙa loda bayi a jirgi. Hausawa na cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa, kuma suna cikin Musulmin da suka yi bore a birnin Salvador na Brazil a 1835. Can gaba, kimanin kilomita 150 yamma da Accra, ga ganuwar Cape Coast, inda aka ɗora majami'a a kan kurkukun bayi maza, ana ibada a sama ana mutuwa a ƙasa. Kusa da ita ga ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482. Uban da ya shiga ɗakunan nan masu duhu da 'ya'yansa, wajibi ne ya faɗa musu gaskiya dukanta: kasuwar Salaga ta Gwanja da ta yi suna da goro, ta yi suna da cinikin mutane ma, kuma ba Bature kaɗai ne ya ci riba ba. Yaro ɗan shekara goma zai iya ɗaukar wannan magana, in aka faɗa masa a natse.

Washegari sai a sanyaya musu rai a dajin Kakum, inda gadojin igiya bakwai ke lilo a tsakanin manyan itatuwa, kusan mita 40 daga ƙasa. A sha ruwan kwakwa, a kalli masunta na jan taru.

Kada dai a yi wa tekun kallon kududdufi. Ruwan gaɓar nan yana ja da ƙarfi ta ƙasa, yana iya kwashe babban mutum daga inda bai wuce gwiwa ba, balle yaron da bai iya iyo ba. Hannunsa ya kasance a hannun babba. A kauce wa tafiyar dare, a kuma kauce wa watan Yuni, lokacin da ruwan sama ya fi tsananta. Agusta da Disamba sun fi, ga shi sun dace da hutun makaranta.

Babban abin da ke kashe wa iyalai gwiwa shi ne shingaye. Tsakanin Legas da Seme kaɗai ana tsayar da mota sau ba adadi, kuma abin kunya ne yaro ya fara sanin "na goro" daga hannun mai kaki. Gwamnatocin da ke maganar gina babbar hanyar Legas zuwa Abijan su fara da rage waɗannan shingaye, aikin da ba ya bukatar buhun siminti ko ɗaya. Iyaye kuma kada su jira sai an gyara: a cika takardu, a duba taya da birki, a kama hanya da asuba.